Me masu koyar da rawar zaure ta Turawa suke samu a cikinta?

Wata 'yar'uwa ta turo tambaya kamar haka: "Ina kallon gasar rawar Turawa a talabijin, irin wadda ake yi bibbiyu, mace da doguwar riga, namiji da kwat. An ce mini kina koyar da ita a Ingila. Don Allah me masu koyarwar suke samu a ciki? Mutum ya yi furfura yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Neman abinci ne kawai, ko da wani abu?"

Ƙanwata, neman abinci yana ciki, kuma ba zan raina shi ba, da shi ake biyan hayar ɗakin da ake koyarwar. Amma da don kuɗi ne kaɗai, da yawancinmu mun daɗe da sauya sana'a. Malamin rawa a kan sa'a ake biyansa. Ranar da ɗalibi bai zo ba, aljihu ne zai ji. Aikin kuma na yamma ne da Asabar da Lahadi, lokacin da sauran jama'a ke gida da iyalinsu. Gwiwa da ƙugu da gadon baya sukan fara kuka tun mutum bai kai hamsin ba. Ni aikina na asali gashin ƙashi ne da motsa gaɓoɓi a asibiti, ta nan na shigo harkar, don haka na ga ƙafafun malaman rawa da yawa ba takalmi, kuma ba abin sha'awa ba ne.

Bari in fara gaya miki abin da ake koyarwa, don amsar tana cikinsa. Rawar da kike gani, wadda masu ita ke kira bolrum, a gasar ƙasa da ƙasa kashi goma ce. Biyar ana yin su a riƙe da juna tun daga farko har ƙarshe: wolz, tango, wolz ɗin Biyana mai sauri, fokstirot da kwikstef. Sauran biyar su ne na Latin: ca-ca-ca, samba, rumba, faso dobile da jaib, waɗanda ake saki a sake kamawa. Kowacce da garinsu. Wolz daga ƙasashen masu jin Jamusanci ta fito, tango daga unguwannin talakawan Buenos Aires a Ajantina da Montevideo, fokstirot daga Amurka wajen 1914, samba daga Birazil, rumba da ca-ca-ca daga Kyuba. Ingila ba ta haifi yawancinsu ba, sai dai ita ta yi musu ƙa'ida. A 1924 ƙungiyar malaman rawa ta ISTD, wadda aka kafa tun 1904, ta zaunar da wasu malamai, cikinsu da Josephine Bradley da Victor Silvester, suka rubuta yadda kowane taku zai kasance: wace ƙafa, ina za ta fuskanta, da dunduniya za a sauka ko da yatsu, juyin nawa ne, a ina jiki zai ɗaga a ina zai sauka. Har yau a kan wannan tsarin ake yi wa malami jarrabawa kafin a ba shi takarda. Shi ya sa wadda ta koya a Tokyo za ta haɗu da wanda ya koya a Johannesburg, ba su jin yaren juna, a sa kiɗa su tashi tare.

To amma taku ba shi ne wahalar ba. Takun farko na wolz mutum zai iya haddace shi kafin shayinsa ya huce. Abin da malami ke shafe shekaru yana gyarawa shi ne riƙo, kuma a ganina a nan ma'anar sana'ar take ga mai koyar da ita.

Ga yadda riƙon yake. Mai ja, wato wanda ke jagorantar rawar, yana ɗora hannun dama a kan allon kafaɗar hagu na mai bi. Mai bi tana ɗora hannun hagu a damtsen mai ja. Ɗaya hannayen suna haɗuwa a gefe, wajen tsayin ido. Ba sa tsayawa hanci da hanci, kowa yana ɗan gocewa ta hagunsa, don ƙafafu su sami hanyar wucewa. Daga nan babu magana. Mai ja ba ya cewa "juya", kuma ba ya tura ki da hannu. Nauyin jikinsa yake matsarwa daga wannan ƙafa zuwa waccan, ke kuma ki ji ta bayanki da tafin hannunki tun kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Mai bi tana yin kaso mai yawa na rawar da baya da baya, ba ta ganin inda za ta. Kowa a ɗakin yana zagayawa saɓanin tafiyar agogo, wasu da gudu wasu a hankali, kuma mai ja ne idonta. In ya yi sakaci ta yi karo. In ita kuma ta ƙi yarda, ta riƙa waiwaye ko ta riga shi taku, rawar ta watse ko da kowannensu gwani ne shi kaɗai. Duk macen da ta taɓa yin lugude da wata a turmi ɗaya ta san abin da nake nufi: ba taɓaryarki kike saurare ba, ta 'yar'uwarki kike saurare, kuma da zarar ɗaya ta ce ita ce gwana sai taɓare su gwabzu.

Wannan shi malami ke koyarwa, mutum biyu su saurari juna ba da kunne ba. Kuma ranar da abin ya zauna a jikin ɗaliba, malama ce ta fara sani, don ita ke riƙe da ita. Sai ki ji kafaɗar da ta yi makonni a ɗaure ta saki, nauyin da take jibga miki ya koma kan ƙafafunta, hannun da ke matse naki kamar za a ƙwace mata shi ya yi laushi. Ɗalibar ma ba ta ankara ba tukuna. Ba na jin akwai malamin da ya daɗe a sana'ar nan da ba wannan lokacin yake farauta ba. Kofin gasa sau ɗaya ake ɗagawa a ajiye a kabad, wannan kuwa yana iya faruwa ranar Talata da yamma a ɗakin taron unguwa mai warin fenti.

Akwai kuma abin da na lura da shi a tarihin manyan malaman: da yawansu ba 'yan gata ba ne da aka haifa da kwarjini. Mutane ne da rawar ta tsamo daga wani hali. Arthur Murray, wanda sunansa ke kan ɗaruruwan makarantun rawa a duniya, an haife shi a 1895 a daular Ostiriya da Hangari, aka kawo shi New York yana ƙarami. Yaro ne dogo siriri mai tsananin kunya, rawa ce ta ba shi hanyar tsayawa a gaban mutane. Daga baya shi ne ya riƙa aika wa mutane zanen sawun ƙafa ta gidan waya, su shimfiɗa a ɗaki su taka, don masu kunya irinsa su koya ba wanda ya gan su. Len Goodman, dattijon da ya shugabanci alƙalan gasar rawa ta gidan talabijin na BBC daga 2004 zuwa 2016, walda yake koyo a kamfanin ƙera jiragen ruwa. Yana ɗan shekara 19 ya ji ciwo a ƙafa, likita ya ba shi shawarar rawa don ƙafar ta warware. Ya je ba da son ransa ba, ƙarshe ya ci gasa a Blackpool, garin Ingila da ake babbar gasar rawa, ya buɗe makarantarsa a Dartford. Victor Silvester ɗan limamin coci ne da ya gudu daga makaranta ya ɓoye shekarunsa ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya yana yaro. Ya dawo daga abin da ya gani a can ya kama rawa, ya zama zakaran duniya a 1922. Da ya ga faifan kiɗan da ke kasuwa ba sa tafiya da saurin da ɗalibai ke buƙata, sai ya kafa ƙungiyar makaɗa tasa a 1935. Wannan halin malami ne tsantsa. Wolz tana son bugu uku-uku sau 28 zuwa 30 a minti, ta Biyana kusan ninki biyu na haka, kuma in makaɗi ya ƙara ko ya rage don jin daɗinsa, ɗalibi ne zai yi tuntuɓe.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini shi ne Pierre Dulaine. A Yafa, a Falasɗinu ta wancan lokaci, aka haife shi a 1944, uwarsa Bafalasɗiniya, ubansa ɗan Ailan. A 1948 suka bar garin, ya tashi a Amman, rikicin Suwez na 1956 ya sake tayar da su, suka ƙare a Birmingham. Yaro baƙo mai baƙon harshe, ba aboki. Yana ɗan shekara 14 ya shiga ajin rawa. Ya yi suna, ya koma New York, ya ci gasa a Blackpool tare da abokiyar rawarsa Yvonne Marceau. A 1994 ya fara shiga makarantun gwamnati na birnin yana koya wa yara 'yan shekara goma zuwa sha ɗaya, darasi ashirin cikin mako goma. Yawancinsu 'ya'yan talakawa ne da baƙin haure. Abin da ya nace a kai shi ne yadda yaro zai tsaya, ya dubi yarinya, ya nemi izini, ya miƙa hannu, in an gama ya yi godiya ya raka ta wurin zamanta. Yana kiran su da lakabin girmamawa irin wanda ake kiran manya da shi, ko da yaron jiya aka kore shi daga aji. Daga baya ya koma Yafa ya haɗa 'ya'yan Falasɗinawa da na Yahudawa a aji ɗaya. Ban ce rawa ta kashe wutar da ke can ba, kowa yana ganin halin da ake ciki. Amma in kin tambaye ni me Dulaine ya samu, sai in ce mutum ne da aka taɓa miƙa wa hannu lokacin da ba kowa gare shi ba, ya shafe shekaru yana biyan bashin.

Na san abin da ke ranki, don ni ma 'yar gida ce. Namiji ya riƙe macen da ba tasa ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma hukuncinsa na malaman addini ne, ba nawa ba. Su kansu Turawan ba da daɗi suka karɓe ta ba: a 1816 jaridar The Times ta Landan ta yi tir da wolz bayan an taka ta a fadar sarauta, ta gargaɗi iyaye su tsare 'ya'yansu mata. Ni azuzuwana na mata ne zalla, sai ma'aurata da ke zuwa su kaɗai. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a Ingila, inda mata suka daɗe suna rawa da junansu saboda ƙarancin maza, har gasar yara tana da rukunin 'yan mata biyu. Duk malamar da za ta ci jarrabawa dole ta iya takun mai ja da na mai bi gaba ɗaya, don haka ba na rasa komai. Rawar ma ta taɓa zuwa kusa da mu fiye da yadda ake zato. Makaɗan otal-otal na Akara da Legas a zamanin mulkin mallaka wolz da fokstirot suke kaɗawa kafin su juya su zuwa nasu salon, kuma hoton Kwame Nkrumah yana rawa da Sarauniya Elizabeth a Akara a 1961 har yau ana yawo da shi.

Yawancin ɗalibaina tsofaffi ne, kuma a nan ne abin ya fi taɓa ni. A ƙasar nan tsohuwa takan zauna ita kaɗai a gida, miji ya rasu, 'ya'ya suna wani gari. Ba jika da zai hau cinyarta, ba maƙwabciya da za ta shigo ta dafa kafaɗarta. Sai ta yi mako babu wanda ya taɓa ta in ba ma'aikaciyar jinya mai awon jini ba. Irin wannan matar in ta zo aji, sa'a guda ana riƙe da ita cikin mutunci, da ƙa'ida, ba tausayi ba kuma ba magani ba. Tana da aikin yi a cikin riƙon, ana buƙatarta. Wata takan ce mini rabonta da rawa tun mijinta na da rai, sai a sa wolz ki ga ƙafar ta tuna abin da kan ya manta. Na yi aiki da masu ciwon mantuwa waɗanda ba za su iya faɗa miki abin da suka ci da safe ba, amma juyin dama na wolz yana nan daram.

Bincike ma ya ɗan taɓa wannan. A 2003 mujallar likitanci ta New England ta buga aikin masu bincike na kwalejin Albert Einstein da ke New York, waɗanda suka bi tsofaffi 469 'yan sama da shekara 75 na tsawon shekaru. A cikin ayyukan motsa jiki da suka duba, rawa ce kaɗai ta zo tare da raguwar haɗarin ciwon mantuwa. A yi hattara dai: binciken ya nuna abu biyu suna tafiya tare, bai tabbatar ɗaya ne ya haifar da ɗaya ba, kuma masu tallar makarantu sun ja shi fiye da inda ya tsaya. Wanda ya fi gamsar da ni a matsayina na mai gashin ƙashi shi ne aikin Madeleine Hackney da Gammon Earhart a jami'ar Washington da ke St. Louis, waɗanda suka koya wa masu cutar Parkinson tango irin ta Ajantina suka ga daidaiton tsayuwa da tafiyarsu ya inganta. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san cutar. Abin da ke ba su wahala shi ne fara taku, tsayawa, juyawa da tafiya da baya, kuma tango ba komai ba ce illa waɗannan, ga kiɗa yana ba da lokaci, ga kuma mutum a riƙe da su.

Malami yana son irin wannan ƙalubalen fiye da ɗalibi mai baiwa, ko da bai faɗa ba. A gasar BBC ɗin nan, Rose Ayling-Ellis, wadda kurma ce, ta yi nasara a 2021, Chris McCausland, wanda makaho ne, ya yi nasara a 2024. Jama'a sun yaba musu, kuma sun cancanta. Mu malamai kuwa waɗanda suka koyar da su muke kallo. Wadda ta koya wa Chris ba ta da damar cewa "kalle ni ka yi yadda na yi", dole ta sa shi ya shafa ƙafarta da kafaɗarta ya gane siffar motsin, wato ta sake koyon sana'arta daga tushe. Rawar masu keken guragu ma, wadda ta faro a Suwidin a 1968, haka ta tilasta wa malamai su tambayi kansu mene ne ainihin wolz in an cire ƙafa.

Sai dai kusancin nan da ke ba sana'ar daɗi shi ne kuma haɗarinta, kuma ba zan ɓoye miki ba. Wanda kike riƙe da shi sa'a guda kowane mako zai fara gaya miki abin da bai gaya wa 'ya'yansa ba: rashin lafiya, auren da ke tangal-tangal, kaɗaici. Amana ce, kuma akwai masu cin ta. A Amurka akwai shari'ar da ɗaliban lauya ke karantawa har yau, ta 1968 a jihar Florida. Wata bazawara mai shekara 51 ta shiga ɗaya daga makarantun da ke ɗauke da sunan Arthur Murray, aka yi ta zuga ta cewa tana da baiwa, za ta zama gwana, har ta sayi sa'o'in darasi 2,302 a kan sama da dala 31,000, alhali ko bugun kiɗa ba ta ji sosai. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce tana da hurumin kai ƙara, don wanda ya fi ka sanin abu ba shi da damar fakewa da cewa yabo ra'ayi ne kawai. Mutumin da ya fara don taimakon masu kunya, ga abin da aka yi da sunansa. Tsarin da ake kira gasar malami da ɗalibi, inda ɗaliba ke biyan malaminta kuɗin rawa da ita a gasa har da jirgi da otal, yana da amfaninsa, amma ni ina ɗari-ɗari da shi saboda wannan dalilin. Ta ɗaya gefen kuma akwai malamai masu zafin hannu da zafin baki, waɗanda aka horar da su da tsawa tun suna yara suka ɗauka haka ake yi. A 2024 ƙorafe-ƙorafe irin waɗannan suka sa BBC ta fara ajiye mai sa ido a ɗakin atisaye.

Malamin kirki dole ya koyi ɓacewa. Yawancinmu mun fara ne muna son a kalle mu. Kowa yana mafarkin Blackpool, inda ake babbar gasa tun 1920 a zauren Empress, kuma kaɗan ne ke kai wa zagayen ƙarshe. Ranar da mutum ya koma koyarwa sai aikin ya juye: in kina rawa da ɗaliba, gwanintarki ita ce a ga kamar ita ce ta iya. Ki rage tsawon takunki, ki gyara mata kuskure ba tare da ta ji an gyara ba, ki karɓi tuntuɓenta a gwiwarki. Wasu tsofaffin zakaru ba sa iya wannan, har su mutu suna gasa da ɗalibansu. Waɗanda suka iya kuwa sukan ce sai a lokacin suka fahimci rawar. Mafi wuya shi ne ranar da yarinyar da kika raina tun tana 'yar shekara bakwai ta wuce iliminki, dole ki ɗauke ta da hannunki ki kai wa wanda ya fi ki, kuma in ta ci kofi sunansa za a ambata.

Annobar korona ta 2020 ta gwada duk wannan da na faɗa miki. Aka hana taɓa juna, aka rufe ɗakunan rawa. Muka koma koyarwa ta intanet, kowa a kicin ɗinsa, wasu suna riƙe da sandar tsintsiya a madadin mutum. Taku ya koyu sarai, har wasu ɗaliban sun fi haddace shi fiye da da. Riƙo kuwa ko kaɗan bai koyu ba, kuma da aka dawo sai da muka sake farawa da shi kamar sababbi. Malamai da dama da na sani sun kama wasu ayyukan a lokacin, wannan yana tuƙa motar kai kaya, waccan tana jera kaya a kanti, kuma wasunsu sun gaya mini albashin can ya fi tabbas, ga hutun ƙarshen mako. Da aka buɗe, kusan dukansu sun ajiye sun dawo.